Na Sa Hannu a Matsayin Uban Ƙanwata

Assalamu alaikum admin da 'yan gida baki ɗaya, a ɓoye sunana da lambata. Don Allah ku ba ni shawara, yanzu haka da nake wannan rubutun ina zaune cikin mota a tashar Gwaram, layina ya zo na ce na bayana ya yi lodi, don in na hau titi a yadda kaina yake wallahi zan iya zubar da mutane. Ranar Laraba ana nemana a gaban kwamitin wata jami'a, ni da ko SS1 ban ƙarasa ba, a kan wata takarda da na sa wa hannu ban san abin da ke cikinta ba. Zan faɗi komai har da inda na yi wauta, wanda zai zage ni ya zaga amma ya haɗa da shawara.

Ni direba ne, ina jan Golf ɗin wani bawan Allah tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Gidanmu yana wajen Fagam. Makaranta ni na gudu da ƙafata, ba wanda ya cire ni, zama wuri ɗaya ne ba na iyawa. Na yi gyaran waya na bari, na yi acaɓa na bari, na je Kano na dawo, sai wannan tuƙin ne ya ɗan riƙe ni saboda shi kullum kana tafiya. Ƙanwata kuma, bari in ce mata Hauwa duk da ba sunanta ba ne, ita ce mai kan gidanmu. Da ta ci jarabawa ta samu jami'a Baba ya ce a'a, ba don yana ƙin karatu ba, shi nisan ne da zaman hostal ba su kwanta masa ba. Ni na tsaya mata. Sati biyu ina bin shi gona ina magiya, aikin da ban taɓa yi masa da daɗin rai ba sai da na yi a lokacin. Ƙarshe ya yarda da sharaɗi guda, ya ce duk ranar da ya ji sunanta a bakin mutane, ko ita ce da gaskiya ko ba ita ba ce, ranar za ta kwaso kayanta, kuma ni zan je in ɗauko ta tunda ni na kai ta. Duk wanda ya san Baba ya san ba ya magana biyu. Yanzu tana shekarar ƙarshe, saura 'yan watanni.

Akwai abu ɗaya da sai na yi bayaninsa kafin ku gane yadda aka yi. Sunan kakanmu aka sa min, to kun san Baba ba zai iya kiran sunan mahaifinsa ba, sai ake ce min Abba. A unguwarmu kuma Abba uku ne sa'annin juna, sai aka rarrabe mu, akwai Abba Dogo, akwai Abban Tela, ni kuma tun Hauwa tana rarrafe ni ke yawo da ita a wuya, sai ya zama Abban Hauwa. Har tasha sunan ya biyo ni. Da za ta cike fom ɗin makaranta, wurin da ake sa wanda za a nema in wani abu ya faru, ta sa Abba da lambata, don Baba wayarsa rabin shekara a kashe take.

Hutun da ya wuce na ɗauko ta daga Birnin Kudu, na ƙi ɗaukar fasinja don mu yi hira, sai na ga yarinyar da ba ta rufe baki ta yi shiru har muka wuce Sundimina. Na tsaya gefen titi na ce ba zan tayar da motar ba sai ta gaya min. A nan ta faɗa min. Lakcaran da ke duba furojet ɗinta, wani Dakta, tun farkon zango ya fara turo mata saƙonni, wai ta yi kyau yau, wai ta same shi a wani masauki a cikin gari su duba babi na biyu. Ta yi kamar ba ta gane ba, sai ya ƙi sa mata hannu a aikin. Wata rana ta kai gyara ofishinsa ya tashi ya murza makulli ya kama mata hannu yana jan hijabinta, Allah ya taimake ta wani ya ƙwanƙwasa ƙofa, ta fita a guje ta bar fayil ɗinta a can. Da sakamako ya fito ya kayar da ita a kwas ɗinsa, ita da ba ta taɓa faɗuwa ba tun firamare.

Wallahi a take na juya kan mota, na ce makarantar za mu yanzu ta nuna min shi. Ta riƙe sitiyari tana kuka, ta ce Yaya in ka taɓa shi ka gama da ni, na riga na kai ƙara. Ashe makarantar suna da kwamiti na irin wannan, ana rubuta ƙorafi a kai a sirrance, ta rubuta ta haɗa da hotunan saƙonninsa, wata Hajiya lakcara da ke riƙe da takardun kwamitin ta karɓa, ta ce mata za a ba shi dama ya kare kansa, kuma har a gama bincike an hana shi ko wani nasa ya tuntuɓe ta. Hauwa ta sa na rantse ba zan sa baki ba, ba zan gaya wa Baba ba, ba zan gaya wa Inna ba. Na rantse. Ku riƙe wannan, na rantse.

Bayan ta koma da kamar sati uku ina wankin mota wata baƙuwar lamba ta kira ni, muryar babban mutum, ya yi sallama ya ce da Abban Hauwa nake magana? Na ce eh shi ne. To me zan ce? Sunana ne. Ya ce shi yayan Daktan nan ne, yana so ya zo ya gaishe ni a kan abin da ya faru, a ina zai same ni. Daidai nan ya kamata in kashe waya in kira Hauwa, na sani. Amma abin da ya zo min a rai shi ne bari in ga idon mutanen nan. Na ce ya same ni a tashar Birnin Kudu bayan azahar.

Ya zo da wani dattijo mai farin gemu, sun ci manyan riguna, kuma kafin su neme ni sai da suka fara shiga wurin ciyaman ɗin tasharmu, aka aiko a kira ni ofis. Da na shiga Alhajin, wato yayan Daktan, ya dube ni sama da ƙasa, na ga ya ɗan yi turus, ya ce au, kai ne Abban? Ciyaman ya ce shi ne Abban Hauwa, duk tashar nan haka muke kiransa. Na buɗe baki na ce ni yayanta ne, wallahi na faɗa, Allah ne shaidata. Alhajin ya yi dariya ya ce ai kai ma uba ne a wurinta Malam Abba, zauna zauna. Aka ba ni kujera, ni da in na shiga ofishin nan a tsaye nake karɓar faɗa in fita. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya shige ni. Tunda nake ba mai babbar riga da ya taɓa ce min Malam.

Dattijon ne ya yi magana. Ya ce ban haƙuri suka zo, sharrin shaiɗan ne, ƙaninsu ya yi kuskure, yana da iyali, a rufa wa juna asiri kamar yadda addini ya ce, ita ma yarinya sunanta ake karewa. Na yi ta zazzaga musu, na faɗi duk abin da ke cikina, ba wanda ya katse ni, sai haƙuri suke bayarwa, ciyaman yana cewa ka ji manya sun zo har inda kake Abba. Kun san yadda abin yake a wurinmu, mai furfura ya taka ya zo ya ce ka yi haƙuri a gaban shugabanka, bakinka da kansa yake cewa ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Haka na ce. Aka shafa fatiha, suka ajiye ƙullin goro da kwalbar turare, ciyaman ya raba goron a tasha. Sai Alhajin ya zaro takarda daga jaka, ya ce shaida ce kawai cewa sun zo sun ba da haƙuri, don ƙaninsu ya san sun isar. Da Turanci take, shafi guda cike. Ina iya karanta saƙon Hausa da allon hanya, amma wannan ta fi ƙarfina. Maimakon in ce a karanta min, sai na riƙe ta ina bin layi da ido ina gyaɗa kai kamar ina fahimta, saboda kar su gane. Na rubuta Abba a ƙasa na ja layi. Ciyaman da dattijon suka sa nasu, aka ɗauke mu hoto ina musabaha da Alhajin. Ko kwafi ban nema ba.

Abin da zai ba ku haushi, murna na fita ina yi. A tunanina tunda sun zo ban haƙuri har da takarda, ai sun amsa laifi ke nan, na samo wa Hauwa hujja. Abin da ya hana ni kiranta rantsuwar nan ce, na ce bari in jira ta gama tes ɗin da take yi sai in lallaɓa in faɗa mata.

Kwana biyar sai ga kiranta. Ban taɓa jin muryarta haka ba, ba kuka take ba, a hankali take magana kamar da baƙo. Ta ce Hajiya ta kira ta ofis ta nuna mata wasiƙa da Daktan ya haɗa cikin amsarsa, wai daga mahaifinta, cewa iyali sun bincika sun gano rashin fahimta ne, yarinya ta yi fushi ne saboda ta faɗi jarabawa, sun janye ƙorafi kuma suna ba Dakta haƙuri a kan ɓata masa suna. Mu ne ma muke ba shi haƙuri. Ta ce tana ganin rubutun ta gane hannuna, don ita ta koya min yadda zan riƙa ja wa sunan layi a ƙasa. Na fara rantse-rantse ina bayani, ta ce ita tambaya ɗaya take da ita, na rantse mata ko ban rantse ba? Na ce na rantse. Ta ce wata uku tana bin ofis-ofis, tana maimaita abin kunya a gaban mutanen da ba ta sani ba, 'yan ajinsu sun fara nuna ta da baki, duk ta jure, ni kuma na sayar da ita a zama ɗaya saboda an ba ni kujera. Ban san yadda ta san maganar kujerar ba, ina jin sanina ne kawai ta yi. Tun ranar ba ta ƙara ɗaga wayata ba.

Na samu lambar Hajiyar a wurin ƙawar Hauwa na kira ta. Matar kirki ce, ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta yi min bayani da Hausa dalla-dalla. Ta ce a dokar makarantar Hauwa babba ce, ba wanda ya isa ya janye mata ƙorafi, ko uba ko wa, sai ita da bakinta. Ta ce zuwan da suka yi wurina ma laifi ne a kansa tunda an hana shi tuntuɓa, kuma dole a tambayi yadda ya samu lambar da ke cikin fayil ɗin ɗaliba. Na fara jin sanyi, sai ta ce amma. Amma wasiƙar ta riga ta shiga fayil, ba ta da ikon cire ta, kuma ba ita kaɗai ce kwamitin ba. A cikinsu akwai masu cewa in uba ya ce a bar magana su su wa da za su tona, akwai masu cewa a aika wa mahaifin takardar gayyata ya zo ya tabbatar ko hannunsa ne. Hanyar da take gani kawai ita ce wanda ya sa hannun ya zo ranar Laraba ya faɗi yadda aka yi, a rubuta, ya sa hannu a kan gaskiya wannan karon. Na ce in na zo ba za a nemi Baba ba? Ta ce za ta yi iya ƙoƙarinta amma ba za ta yi min alƙawarin abin da ba a hannunta yake ba. Na ce to a kama shi mana, ta ce su ba kotu ba ne, iyakarsu ladabtarwa ta aiki, in ana son kamu sai an je wurin 'yan sanda, can kuma ba maganar sirri.

Daga nan na kira Alhajin, raina a ɓace. Mutumin da ke ce min Malam Abba sai ga shi yana ce min kai yaro. Ya ce yana da rikodin ɗin wayar da aka tambaye ni ko ni ne Abban Hauwa na ce eh, yana da shaidu biyu, yana da hoto, in akwai wanda ya yi yaudara ni ne, na yi sojan gona na karɓi ban haƙuri da kaya a matsayin uba, kuma wannan maganar 'yan sanda ce. Na ce ai na gaya maka ni yayanta ne, ya ce shi bai ji ba, in tambayi ciyaman ko ya ji. Sannan ya ce shi ba ya son tashin hankali, amma in ya ji ƙafata ta taka makarantar nan, ranar Juma'a zai zo Fagam da kansa ya yi sallah a masallacinmu, ya nemi mahaifin na gaskiya ya ba shi haƙuri a gaban jama'a tunda na farkon bai karɓu ba. Kun gane abin da yake nufi. A gaban jama'a.

Na je wurin ciyaman, ya ce shi sulhu ya shaida, alheri ya yi, kar in kuskura in ambaci sunansa ko na tasha a wata makaranta, in kuwa na yi in nemi wani layin. Na ce amma ka ji lokacin da na ce ni yayanta ne, ya ce hayaniyar tasha ta yi yawa ranar. Motar ba tawa ba ce, mai ita abokinsa ne. Wannan bai dame ni sosai ba, na saba barin aiki, na faɗa ne don ku san ba ni da shaida ko ɗaya.

To ga inda nake. In na je ranar Laraba, Alhaji zai je wa Baba, Baba ya ce a ɗauko ta. In ban je ba, kwamiti zai aika wa Baba takarda, Baba ya ce a ɗauko ta, ga wasiƙar ƙarya a fayil tana cewa ita ce ta yi ƙage. In Hauwa ta gaji ta janye da kanta don a huta, Hajiya ta ce shi Daktan ya riga ya rubuta cewa sharri aka yi masa, janyewar za ta zama kamar ta amsa, kuma akwai hukuncin ɗalibin da aka samu da ƙorafin ƙarya, ga shi har yau ba a canja mata mai duba furojet ba, takardar neman canjin tana ofishin shugaban sashe wai ana jiran sa hannu. Ko ta ina na juya sai in ga Hauwa da akwatinta a bayan motata. Shekara huɗu. Inna har ta fara tanadin abin da za ta dafa ranar da za ta gama.

Jiya na je gida na tarar da Baba yana gyaran rumbu, na riƙe masa tsani, ya ce lafiya na ganka shiru kamar an ƙwace maka mota, na ce gajiya ce. Ya tambaye ni yaushe Hauwa za ta gama, wai yana so ya je ya ga makarantar nan ko sau ɗaya kafin ta baro ta. Maganar ta zo min har wuya na haɗiye, saboda wannan ma rantsuwar ce, na karya rabi ina tsoron karya sauran. Wani lokaci sai in ce gara ya ji daga bakina kafin ya ji a ƙofar masallaci, wataƙila in ya ga saƙonnin da idonsa zuciyarsa ta uba ta rinjayi maganar da ya yi. Wani lokaci kuma sai in tuna ni ne dai wanda ya yi tunanin yana taimako ya sa hannu, wa ya ce wannan tunanin nawa ya fi wancan?

Don Allah masu ilimin shari'a a gidan nan, da gaske za a iya ɗaure ni a kan sunan da aka san ni da shi tun ina yaro? Malaman jami'a da ɗalibai, kwamiti yana da ikon kiran uba in ɗalibar ta ce ba ta yarda ba? Akwai wani ofishi sama da su da za a kai maganar barazanar Alhajin kafin Juma'a? Iyaye kuma, in ku ne Baba, daga bakin wa za ku fi so ku ji, kuma ta yaya ake fara irin wannan maganar? In je ko kar in je? In faɗa masa ko in yi shiru? Masu cewa in je in fasa wa Daktan baki ku huta, na yi wannan tunanin na gama, ba abin da zai ƙara mata sai wani abin kunyar.

Kafin in turo wa admin wannan na tura mata saƙo, ya nuna ta buɗe, har yanzu ba ta ce komai ba. Ga abin da na rubuta:

"Hauwa ni ne. Ba sai kin yafe min yanzu ba. Ban iya karanta takardar ba ne kuma na ji kunyar in faɗa, iyakar gaskiyar ke nan. Laraba ƙarfe takwas ina bakin get ɗinku. In kin ce in shiga zan shiga in faɗi komai ko za a kama ni, in kin ce in juya zan juya. Baba ma sai abin da kika ce. Wannan karon ba zan yi komai da kaina ba, ke za ki faɗa. Ki turo ko kalma ɗaya ce."